Abin da kyamara ba ta ɗauka

Ɗana, na duba hotunan da ka turo da 'yan waƙoƙin haiku, wato gajerun waƙoƙin Japanawa masu ɗango uku, da kake rubutawa a ƙarƙashinsu. Ka ce hoton ba laifi, waƙar ma ba laifi, amma da ka haɗa su sai abin ya yi lami, kana so ka san dalili. Ka kuma tambayi wanne ake fara yi tunda ka ɗaura niyyar guda kullum, hoton ko waƙar.

Ɗauko wanda ka yi a Balad, tsohon garin Jidda, cikin azumi, na kyanwa da tagar roshan, irin tagar katakon nan mai sassaƙa. Ga abin da ka rubuta:

Tsohuwar taga
kyanwa na kwance a kai
rana ta faɗi

Lissafin haiku ya cika, gaɓa 5, 7, 5 a ɗangon uku. To amma me ka faɗa wa mai kallo? Tagar yana ganinta, kyanwar yana ganinta, jan hasken da ke jikin katakon ya riga ya gaya masa yamma ta yi. Ka zama ɗan rakiyar da ke nuna wa mai ido hanya yana cewa ga bango, ga ƙofa. Ciwon ke nan, kuma shi ne a kusan duk waɗanda ka turo.

Kyamara kurma ce, ba ta jin ƙamshi, ba ta san zafi ba, ba ta san mai riƙe da ita da azumi a bakinsa ba. Wannan fagen na waƙa ne. A ƙarƙashin hoton nan naka, ba tare da ka taɓa shi ba, gwada wannan:

An kusa kira
ana suyar sambusa
miyau ya tsinke

Babu taga, babu kyanwa, amma yanzu mai kallo zai koma ya sake duban kyanwar nan da ta kwanta abinta, ita da ba ta azumi, alhali duk lungun a tsaye yake yana jiran ladan. Hoton bai faɗi haka ba, waƙar ma ba ta faɗa ba. Shi da kansa ya haɗa, shi ya sa zai riƙe.

Masu abin haka suke yi tun asali. A cikin haiku kanta, Japanawa suna ajiye abu biyu kusa da juna su yanke tsakaninsu da wata 'yar kalma da suke kira kireji, su bar wa mai karatu giɓin. Haɗa ta da zane kuma suna da shi tun kafin kyamara, haiga suke ce masa. Yosa Buson, wanda ya rayu daga 1716 zuwa 1784, mai zane ne kuma mawaƙi, kuma a wurin gwanayen wannan hanya an fi yaba zanen da ya tsaya gefe da waƙar a kan wanda ya maimaita ta. Masaoka Shiki, da ya rasu a 1902 yana ɗan shekara 34, shi ya yaɗa sunan haiku, ya kuma matsa wa almajiransa su fita su rubuta abin da ke gabansu maimakon kwaikwayon tsofaffi. Da mai hoto ne da mun shirya.

Batun 5, 7, 5 kada ya hana ka barci. Japanawa ba gaɓa suke ƙirgawa ba, nauyin sauti suke aunawa, dogon wasali biyu ne a wurinsu. Mu ma mawaƙanmu na rubutacciyar waƙa sun san gaɓa mai nauyi da marar nauyi. In ka bi awonsu sak, "rana" kaɗai ta cinye huɗu cikin biyar na ɗangon farko. Ƙirga gaɓa kawai, in ta wuce da ɗaya kuma maganar ta zauna, bar ta. Amsa-amo ba a bukatarsa.

Abin da na fi so ka sa wa ido shi ne kalmar lokaci, kigo. Kowace haiku ta gargajiya tana ɗauke da abu guda da zai sanar da kai wane yanayi na shekara ake ciki, har littattafai gare su na jerin irin waɗannan kalmomi. Na ga ka sa dusar ƙanƙara a wata waƙa. A Jidda? Cire ta. Baƙo zai ce garin nan zafi ne kawai da ɗan sauƙin zafi, amma wanda ya zauna ya san shekara tana juyawa. Akwai laimar tsakiyar zafi da ke manna riga a jiki tun da asuba. Akwai ɗanyen dabino, ruɗab, in ya cika kasuwa, da mangwaron Jazan, da wardin Ɗa'if da ake tsinka wajen Maris da Afrilu. Akwai fitowar tauraron Suhail a ƙarshen Agusta, da Larabawa ke ɗauka a matsayin bushara cewa zafi ya fara karyewa, da ruwan Nuwamba da ke iya cika titi cikin sa'a guda. Sannan muna da wata shekarar a kan wannan: azumi, aikin Hajji, dawowar masu Umara. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, don haka azumin da ka yi wa waƙa cikin sanyi, nan gaba cikin gumi zai same ka. Japanawa ba su da wannan. Naka ne.

Wanne ake fara yi? Hoton, amma da ɗan littafi a aljihu. Kana danna kyamara, rubuta abin da kunnenka ya ji da abin da hancinka ya shaƙa, ko kalma uku ce. Waƙar sai dare, bayan an rufe shago, kuma daga littafin za ka ɗauko ta, hoton a kife.

Tunda kullum ne, kada ka yi ta yawon neman abin mamaki. Ruwan Sarki Fahad da ke tashi sama a bakin teku kowa ya ɗauke shi. Zaɓi lungu biyu ko uku a Balad, tsakanin ƙofar Bab Makka da kasuwar Suƙ Alawi, ka lizimce su. Tun da UNESCO ta sa Balad a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2014 ake ta gyaran gidajen, don haka bangon da ka ɗauka bana yana ɓarewa, baɗi ka iya tarar da shi fes. Je bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana wanke farin dutsen murjani ta bar shi ba inuwa ba zane. Kuma in ka fito daga mota mai sanyi cikin laima, bar kyamarar a jaka kamar minti 15, in ba haka ba gilashin zai yi raɓa, ka goge ta dawo.

Fuskar mutane kuwa, musamman mata, ba da izini ba kada ka kuskura. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya, kuma kai da iƙama, takardar izinin zama, kake zaune. Ɗauki hannun mai gasa burodin tamis a bakin tanda, ɗauki takalma a ƙofar masallaci.

Wata rana ba za ka samu komai ba. Ɗauki duk da haka, rubuta, ajiye, ba dole kowa ya gani ba. Gobe muna da hotunan fasfo da safe, ka zo da wuri ka goge farin allon baya. In an yi la'asar sai mu shiga Balad tare, ka taho da littafin.