Wane harsashi ya dace da farautar agwagin ruwa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da bindiga mai baki biyu, lamba 12, da lasisinka, mai shago ya haɗa ka da harsashi mai manyan ƙwayoyi da ake kira BB, amma sau uku kana fita fadama kana harbin kirinjijiya tana wucewa abinta, wani lokaci gashi ne kawai yake zubowa. Kana tambaya ko ƙarfin harsashin ne bai kai ba. Ƙarfi ya kai har ya wuce. Ƙwayoyin dalmar da ke cikin harsashin ne suka yi kaɗan, kuma nima na sha wannan wahalar a shekarun farko da na fara shiga fadamun Haɗeja.

Lambar da ke jikin kwalin harsashi tana tafiya ne a juye: in lamba ta ƙaru, ƙwayar dalma ta ƙanƙance. A ma'aunin Amurka, lamba 6 tana da faɗin milimita 2.8, lamba 4 tana da 3.3, lamba 2 tana da 3.8, BB kuwa ta kai wajen 4.6. A harsashi mai giram 32, BB ba ta wuce ƙwaya hamsin da 'yan kai ba, lamba 4 tana ba ka wajen 150, lamba 6 wajen 250. To, ka ɗauki ƙwaya hamsin ka watsa su a nisan mita 35. Tsakanin wannan ƙwaya da waccan akwai filin da kirinjijiya, wadda ko kilo ɗaya ba ta kai ba, za ta ratsa ba abin da ya taɓa ta. In kuma ƙwaya ɗaya ta same ta a ciki ko a cinya, sai ta tafi da rauni ta mutu cikin kacala, ba ka yanka ba, ba ka ci ba. Wannan ya fi ci mini rai fiye da kuskure, domin ran dabba ne ka ɗauka a banza.

Ni dai lamba 4 nake ɗauka, giram 32, ita ce ta kullum. Tana kayar da kirinjijiya, tana kayar da ɗani in ya matso. Ƙananan agwagin nan da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu, masu tashi kamar kibiya, lamba 6 ta fi dacewa da su. BB ka ajiye ta don dinya, wadda kan haura kilo biyar ga gashi mai kauri, ita ma in ta shigo kusa lamba 2 ta ishe ta. Tunda bakinka biyu ne, sa 6 ko 4 a bakin da ya fi buɗewa, ka sa mai kauri a matsattsen don harbi na biyu, lokacin tsuntsu ya riga ya yi nisa. Ka riƙa duba milimita a kwalin, don lambar Ingila da ta Italiya ba daidai suke da ta Amurka ba.

Kafin ka koma ruwa, samo babban kwali ka zana da'ira mai faɗin santimita 75, ka kafa shi inda ba mutum ba dabba a bayansa, ka ja baya taku arba'in ka harba. Ƙirga ramukan, ka dubi inda suka bar fili. Yi da BB, yi da lamba 4. Kowace bindiga da yadda take watsa ƙwaya, na ga biyu 'yan kamfani ɗaya da suka sha bamban. Ni tun ranar da na yi wannan gwajin na daina harbin abin da ya wuce mita 35.

Duba tsawon gidan harsashi a jikin bindigarka. In an rubuta 70, wato milimita 70, kada ka kuskura ka cusa mata harsashi mai milimita 76, ko da ya shiga, don matsin zai iya fasa ta a hannunka.

Sai maganar dalma. Agwagi kan haɗiyi ƙwayoyin da suka nutse a laka suna zaton tsakuwa ce, gubar ta kashe su a hankali, shi ya sa Amurka ta hana dalma a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991. In ka samu harsashi mai ƙwayar ƙarfe, ya fi alheri ga fadamar da muke sha muke kamun kifi a cikinta. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, saboda haka ka hau lamba biyu: inda za ka sa 4 ta dalma, sa 2 ta ƙarfe. Amma tsohuwar bindiga mai matsattsen baki ba ta jure shi, sai ka kai wa mai gyara ya duba tukuna.

In ka nufi wajen Nguru, ka sani Dagona wurin da aka keɓe ne don tsuntsaye, ba a farauta a ciki. Kuma kafin ka ja kunama, ka tabbata ba masunci ko makiyayi a bayan ciyawar, don ƙwaya takan yi tsalle a kan ruwa.