Baƙo ya ce mini "upstairs"

Tambaya: Mushe, barka da aiki. Ni ɗan Tawa ne, ina aikin ɗaukar kayan baƙi a wani otel a Yamai. Ran nan wani Alhaji da ya zo daga Legas ya miƙo mini jakarsa, ya ce "take it upstairs". Na yi tsaye riƙe da jaka ina kallonsa, sai da ya nuna mini matakala da yatsa. Mece ce ma'anarta, kuma yaushe ake faɗinta?

Amsa: Ɗana, wannan ba abin kunya ba ne. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, "à l'étage" kunnenmu ya saba ji. Kalmomi biyu aka haɗa: "up", wato sama, da "stairs", wato matakala. Alhaji cewa ya yi ka hau masa da jakar bene. In ƙasa yake so ka sauko da ita, "downstairs" zai ce.

A Hausa "sama" ɗaya ta ishe mu: shirwa tana sama, yaron da ya hau mangwaro yana sama, maigida ma yana sama a ɗakinsa. Ingilishi ya raba su. "Upstairs" sai cikin gini, kuma ko na'ura ce ta hau da kai ba ka taka matakala ko ɗaya ba, sunan bai canza ba.

Akwai kuskuren da na yi shekaru ina bi da jan biro a takardun ɗalibaina: "go to upstairs". Ba a sa mata "to". "Go upstairs" kawai, kamar yadda ake cewa "go home". Makwabtanmu na Najeriya kuma sukan kira gidan bene gaba ɗayansa da wannan kalma, amma Bature ba zai gane haka ba.

Abin da ya fi damuna a aikinka shi ne kalmar ba ta faɗin hawa na nawa. Mutumin Ingila da na Najeriya lissafinsu ɗaya da na Faransa: ƙasa ba a ƙidaya ta, "first floor" shi ne "premier étage". Ba'amurke kuwa ƙasan nan da kake tsaye ita yake kira "first floor". Saboda haka kafin ka ɗora jaka a kafaɗa, ka ce masa "which room?", ka duba lambar da ke jikin makulli.