Amsa kan Doyle Brunson: gwaninta ce ta riƙe shi ko sa'a?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka ga bidiyon wani dattijo Ba'amurke mai malafa, Doyle Brunson, wanda aka ce ya shafe fiye da shekara hamsin yana ci da wasan karta da ake kira poka, kuma kana son sanin ko gwaninta ce ta riƙe shi ko kuwa sa'a ce kawai. Na yi shekaru ina tuƙin tasi a Las Vegas, birnin da ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, kuma yawancin fasinjojina a watannin Yuni da Yuli masu zuwa babbar gasar poka ta duniya ne, saboda haka zan faɗa maka abin da na sani game da shi da abin da idona ya gani game da masu son zama kamarsa. Hukuncin caca a addininmu a fili yake cikin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma na san ba shi ka tambaya ba.

An haifi Brunson a 1933 a wani ɗan ƙauye mai suna Longworth a jihar Texas, kuma da farko ba karta ce a gabansa ba. Gwanin tsere ne da ƙwallon kwando a jami'ar Hardin-Simmons, har ƙungiyar Lakers, wadda a lokacin take Minneapolis, ta fara zawarcinsa. Yana aikin hutu a wata masana'anta sai tarin allunan gini ya faɗo masa ya karya ƙafarsa wuri biyu, ya yi kusan shekara biyu da ɗauri, kuma ƙafar ba ta sake komawa daidai ba. Ni kaina da sanda ko a kan ƙaramin keken lantarki na riƙa ganinsa. Ya kammala digiri na biyu a fannin gudanar da ilimi, ya kama aikin tallar injinan ofis, sai ya ga a zama ɗaya na karta ya sami abin da ya kai albashinsa na wata, ya ajiye aikin.

Shekarun da suka biyo baya su ne mutane ba sa ba su muhimmanci, alhali a ganina su ne suka gina shi. Doka ta hana irin wannan caca a Texas, don haka a bayan shaguna da ɗakunan ɓoye na unguwar Exchange a Fort Worth ake yin ta, inda ɗan wasa yake tsoron 'yan sanda, yake tsoron masu maguɗi, yake kuma tsoron 'yan fashin da suka san akwai tsabar kuɗi a kan tebur. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda aka yi masa fashi da bindiga da yadda aka harbe wani a gabansa ana tsakiyar wasa. Daga baya ya haɗa jari da wasu 'yan wasan poka biyu, Amarillo Slim da Sailor Roberts, suna yawo a mota tsakanin Texas da Oklahoma da Louisiana, kuma a cikin waɗannan tafiye-tafiye ne suke raba karta suna ƙididdige sau nawa hannu kaza (wato katunan da ɗan wasa yake riƙe da su) yake cin hannu kaza, a zamanin da babu kwamfutar da za ta yi musu lissafin. Duk da haka, da suka kai jarin nan Las Vegas sai ya ƙare ƙarƙaf, kowa ya kama gabansa.

Yanzu ga batun sa'a. Benny Binion ne ya fara gasar duniya a 1970 a gidan cacarsa na Horseshoe, kuma Brunson ya ci babban kambunta sau biyu a jere, a 1976 ya tashi da dala 220,000, a 1977 kuma dala 340,000. Abin mamaki, duka biyun da katin goma da katin biyu ya rufe wasan, hannun da ƙwararru suke yarwa ba tare da tunani ba, shi ya sa har yau ake kiran wannan hannu da sunansa. A wannan hannun ƙarshe na 1976 katunan abokin karawarsa Jesse Alto suna gaba da nasa nesa, kuma kafin a buɗe katin ƙarshe katuna huɗu kacal daga cikin 44 da suka rage ne za su iya cetonsa, wato dama ɗaya cikin goma sha ɗaya, sai ga katin goma ya fito. Wannan sa'a ce tsantsa, kuma duk wanda ya ce maka ba ita ba ce bai san wasan ba. A tuna kuma cewa mutum 22 ne suka shiga gasar a shekarar, alhali a 2006 sun kai 8,773.

Sai dai sa'a ba ta bin mutum ɗaya shekara hamsin. Ya ci munduwar zinariya, wadda ake bai wa duk wanda ya lashe ɗaya daga cikin wasanni daban-daban na gasar, har goma, ta ƙarshe a 2005 yana da shekara 71, kuma shekara guda kafin nan ya ci wata babbar gasa a California mai ladan fiye da dala miliyan ɗaya, yana karawa da samarin da suka koyi wasan a intanet. Salonsa shi ne matsa wa abokin wasa da yawan zubi da burga, yana kwashe ƙananan kuɗin da kowa yake tsoron karewa, ta yadda idan babban karo ya zo da ribar da ya riga ya tara yake shiga. Wannan salo ya bayyana a littafinsa Super/System a ƙarshen shekarun 1970, wanda aka sayar dala 100 kowane kwafi, tare da babi-babi daga ƙwararru irin su Chip Reese da Bobby Baldwin. Daga baya ya ce littafin ya jawo masa asara, domin abokan wasansa sun karanta sun gane shi, dole ya sake salo.

Abin da na fi yarda ya raba shi da sauran shi ne haƙuri da iya riƙon jari bayan faɗuwa. Stu Ungar, wanda ya doke shi a wasan ƙarshe na 1980, ya ci kambun sau uku, kuma da yawa daga tsofaffin 'yan wasa da na ɗauka a mota sun ce ya fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa. Amma hodar ibilis da cacar dawaki da ta wasanni sun cinye abin da ya samu, aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas a 1998 yana da shekara 45, shekara guda bayan ya ci dala miliyan ɗaya.

Akwai kuma lissafin da bidiyo ba ya nunawa. A poka 'yan wasa junansu suke ci, gidan caca kuwa yana yankar la'adarsa daga kowane zubi da kowane kuɗin shiga, saboda haka idan aka haɗa 'yan wasa gaba ɗaya asara suke yi, kuma ribar ƙwararre ɗaya daga aljihun mutane masu yawa take fitowa. Su ne nake kaiwa filin jirgi, waɗanda suka biya dala 10,000 kuɗin shiga, wasu da bashi, suka fita tun ranar farko. Kimanin kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari na masu shiga ne kawai suke samun wani abu. Ko dala miliyan shida da ɗoriya da ake cewa Brunson ya ci a gasa ba a cire kuɗin shigar da ya biya tsawon shekaru daga ciki ba; ainihin cinsa da asararsa a wasan tsabar kuɗi suke, musamman a ɗakin manya na otal ɗin Bellagio, inda ba a wallafa sakamako.

A 2018 ya sanar da cewa zai bar gasa domin ya zauna da matarsa Louise, wadda ya aura a 1962 kuma take fama da rashin lafiya, kuma a gasar da ya yi bankwana da ita ya kai teburin ƙarshe ya zo na shida yana da shekara 84. Ya mutu a Las Vegas ranar 14 ga Mayu, 2023, yana da shekara 89.