Wane katin hoto ne zai dace da tsohuwar kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon haɗa bidiyon biki a Daura, kuma da yamma matasa kan zo su buga wasan ƙwallo a kwamfutar shagon. Kwamfutar Dell OptiPlex 7010 ce mai siririn akwati, farosesarta Core i5-3470, ram ɗinta gig 8. An yi mini tayin katin hoto RTX 3060 na hannu a farashi mai sauƙi. Shin in saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Shawarata ita ce kada ka saya, ko da kuwa katin lafiyarsa ƙalau.

Farosesar da kake da ita ta fito ne a 2012, tana da ƙwayoyin aiki huɗu, shi kuwa RTX 3060 a 2021 ya fito, wato akwai shekara tara tsakaninsu. A wajen wasa, farosesa ce ke lissafa inda kowane ɗan wasa yake da inda ƙwallo za ta faɗa, sannan ta miƙa wa katin ya zana hoton. Lamarin kamar gwanin magini ne da aka haɗa shi da lebura ɗaya tilo: duk saurin hannunsa, dole ya tsaya jiran kwaɓi. Idan ka buɗe Task Manager, wato shafin Windows mai nuna yawan aikin da kowane sashe na kwamfuta yake yi, ana cikin wasa, za ka ga farosesa ta cika maƙil, katin kuwa yana aiki da rabin ƙarfinsa, hoton yana tafiya yana cijewa. Ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka mora ba ke nan.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wuta. Ka cire murfin gefen akwatin, ka duba takardar da aka manna a jikin na'urar da ke raba wa kwamfutar wuta. A irin wannan siririn akwati za ka ga an rubuta wat 240. RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kamfanin Nvidia kuma ya ba da shawarar a haɗa shi da na'urar wuta mai wat 550, sannan yana buƙatar wayar wuta ta musamman wadda kwamfutarka ba ta da ita. A nan Katsina an taɓa kawo mini wata da aka yi wa dabarar jona waya domin a ciyar da babban kati, kuma tun kafin in kwance ta ƙaurin ƙonewa ya gaya mini abin da ya faru. Ban da wannan ma, katin ba zai shiga akwatin ba, domin ya fi shi faɗi.

A ƙa'ida, irin ramin da ake soka katin a jikin madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, yana iya ba da har wat 75 da kansa, saboda haka abin da ya dace da kai shi ne katin da wannan wutar ta ishe shi. GTX 1650 na 2019 shi ne zaɓina na farko, in bai samu ba sai GTX 1050 Ti na 2016, dukansu masu gig 4. Ka tabbata ka nemi siririn samfurin, mai gajeren ƙarfe a baya, wanda babu ramin ƙarin wuta a gefensa, domin akwai GTX 1650 masu neman ƙarin waya. Dukansu suna da sashe na musamman mai matse bidiyo, wanda zai rage maka zaman jira idan kana fitar da aikin biki, matuƙar manhajarka ta san amfani da shi. Wannan ne ya sa ban ce ka sayi katin RX 6400 ba duk da ƙarancin cin wutarsa: ba shi da wannan sashe, kuma yana rage gudu a kan tsohon rami irin naka.

Rarar kuɗin da za ta saura ka kai ram zuwa gig 16, ka sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri wadda ba ta juyawa, idan har yanzu tsohon faifai mai juyawa kake amfani da shi. Idan da hali ka musanya farosesar da Core i7-3770, wadda ke zama a mazauni ɗaya da taka, take kuma gudanar da layin aiki takwas a lokaci guda. Ita ma tana da iyaka, domin wasu sababbin wasanni da manhajoji suna neman umarnin AVX2 wanda Intel ya fara sawa a zubi na huɗu a 2013, ita kuwa 'yar zubi na uku ce kamar taka, kuma Windows 11 ba ta karɓar zubi na uku a hukumance, ga shi Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Don haka kada ka zuba wa wannan kwamfuta kuɗin da ya kusa sayen wata.

Ranar da za ka sayi katin, ka ɗauki kwamfutar ka je da ita, a soka shi a gabanka, a kunna wasa na tsawon rabin awa kana sauraren fankarsa. Bayan ka dawo gida kuma, ganin irin ƙurar hunturu da zafin bazara na Daura, ka riƙa buɗe akwatin kana hure ƙurar duk wata.