Amsa: Yadda ake buɗe baka a lissafin aljabara

Ƙanena, ka ce ka gwada 5 − 2(x − 3) = 1 har sau uku, kullum amsarka ba ta zuwa daidai da ta littafi. Matsalarka tana wajen buɗe baka ne, kuma wannan tambayar tarko biyu ne a cikinta.

Na farko, kada ka fara da 5 − 2 ka ce 3. Wannan 2 ɗin manne take da bakan, sai an ninka ta da abin da ke ciki tukuna.

Na biyu shi ne wanda ya fi kayar da ɗalibai. Alamar ɗebewa da ke gaban 2 tata ce, tare suke shiga. −2 sau x ya ba ka −2x, sannan −2 sau −3 ya ba ka +6, domin ɗebewa sau ɗebewa tarawa ce. A nan mutane da yawa suke rubuta −6, daga nan komai ya dagule. Ni kan ja 'yar kibiya da fensir daga −2 zuwa kowace lamba ta cikin baka, don kada in manta ɗaya.

Yanzu kana da 5 − 2x + 6 = 1, wato 11 − 2x = 1. Ɗebe 11 daga ɓangarorin biyu, −2x = −10. Raba da −2, x = 5.

Mayar da 5 gurbin x ka gani: 5 − 2(2) = 1. Ya fita.

Idan ninka lambobi masu alamar ɗebewa ne ke ruɗa ka, kai wa malamin lissafinku littafin aikinka ya duba layi-layi, ya nuna maka inda kake zamewa.