Sirdi, Likkafa da Ragama: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai karatu ya ce ya ji ana cewa "sirdin fata". Yana tambaya ko baduku ne ke yin sirdi daga farko har ƙarshe, kuma daga ina kalmar ta fito.

Kalmar aro ce daga Larabci, "sarj", ta shigo bakin Bahaushe ta zama sirdi. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke ba ni wahala shi ne raba mutane da zaton cewa sirdi fata ne zalla. Malam, sirdi itace ne da aka yi wa sutura da fata, kuma kafin ya iso hannun baduku sai ya bi ta hannun mutum biyu, masassaƙi da majemi.

Masassaƙi shi ke fitar da ƙashin sirdin: katako biyu da za su kwanta dama da hagu na gadon bayan doki, sai kwacciyar gaba da kwacciyar baya, wato tudun gaban sirdi da na bayansa, su haɗe su ta sama, a bar rami a tsakiya don kada komai ya taɓa ƙashin baya. Doki haƙarƙari 18 gare shi a kowane gefe, kuma a kan naman da ya rufe su ake son nauyin mahayi ya sauka. Idan katakon ya zarce haƙarƙarin ƙarshe, nauyi ya faɗa inda babu abin tokare shi. Idan ya yi matsi ya ci kafaɗa, idan ya yi faɗi ya zauna a kan ƙashi ya buɗe miki. Shi ya sa gwanin aikin, doki yake fara aunawa, mahayi ya biyo baya. Masu sirdin Ingila sukan manne siraran katako bisa juna su ƙarfafa da ƙarfe. Na makiyayan shanun Amurka kuwa, jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata ake naɗe itacen da ita a ɗinke, tana bushewa tana tsukewa har ta riƙe shi gam, don ƙahon da ke kwacciyar gaba ya iya jure fizgar bijimi idan an ɗaura masa igiya.

Sai majemi. A nan nake roƙon masu rubutu su daina cakuɗa jima da dukanci, don kullum sai na karanta an ce baduku "yana jeme fata". Majemi ke jima, baduku ya yanka ya ɗinka. Sana'a biyu ce, kayan aiki daban, har warin hannu daban. Fatar sirdi ta kirki ƙirgin shanu ce da aka jeme da sinadarin itatuwa, bagaruwa ko ɓawon itace, aikin da kan ci makonni, wani ma watanni. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masana'antu suka samu jimar sinadarin kurom mai ƙarewa a kwana ɗaya ko biyu, amma masu aikin hannu ba su saki tsohuwar ba. Dalili kuwa, fatar da aka jeme da itace idan an jiƙa ta aka lanƙwasa, yadda ta bushe haka za ta zauna, kuma tana karɓar zane.

To, yanzu ne baduku zai shigo, kuma gwanintarsa daga yanka take farawa. Ƙirgi ɗaya ba ƙarfinsa ɗaya ba: sashen gadon baya ya fi tauri, nan ake fitar da igiyar likkafa da duk abin da zai ɗauki nauyi, fatar ciki kuwa saki gare ta, sai wurin da ba a buƙatar ƙarfi. Fatar mazauni a jiƙe ake shimfiɗa ta, a ja ta ta kowane gefe har tamoji ya ɓace, a kafe da ƙananan ƙusoshi a bar ta ta sha iska. Ɗinkin kuma da allura biyu ne a zare ɗaya da aka murza da kakin zuma. Ya huda da basilla, allurar dama ta shige hagu, ta hagu ta shige dama a huda guda, ya ja su tare. Ko zare ya tsinke a wani wuri, ɗayan na riƙe. Ɗinkin keke kuwa, da ya tsinke a wuri ɗaya sai ya yi ta warwarewa. Daga ƙarshe a cusa gashin tumaki a huhun sirdi, wato matashin da zai kwanta a jikin doki, ana cusawa ana latsawa da yatsa don kada a bar ƙullutu.

Don haka "sirdin fata" ba kuskure ba ne, amma mai faɗinsa rigar ya gani.

Wata ɗaliba: mene ne jam'in sirdi?

Sirada. Da "d" mara ƙugiya, kada ki kai mu Siraɗi tun muna da rai.

Wani yana son asalin "likkafa ta ci gaba".

Likkafa ita ce matakin ƙarfe da mahayi ke zura ƙafa, aikin maƙeri ce. Daga "al-rikab" take, ta bi hanyar da "al-kitab" ya bi ya zama littafi: "l" ɗin farko ya manne, "b" ta koma "f". Ita kanta likkafar ƙanwar sirdi ce nesa ba kusa ba. An daɗe ana hawa da ƙafa a sake, kuma daga cikin tsofaffin shaidun likkafa biyu cikakku akwai wani mutum-mutumin doki na ƙasar Sin na wajen shekarar 322. Sai da aka samu sirdi mai ƙashin itace ta yi amfani sosai, don shi ke rarraba nauyin wanda ya miƙe a kanta. Ma'anar maganar kowa ya sani, ɗaukaka da ƙarin matsayi. A dai riƙa rubuta ta da "k" biyu.

Wani ɗan jarida ya tambayi ko ragama da linzami da akala duk abu ɗaya ne.

Da abu ɗaya ne da ba a yi musu suna uku ba. Linzami ƙarfen da ke cikin bakin doki ne, kamazuru kuma igiyar da ke hannun mahayi. Ragama igiya ce da ake sa wa kan doki a ja shi ko a ɗaure shi, babu ƙarfe a baki. Akala ta raƙumi ce. Saboda haka "riƙe ragamar mulki" jagoranci ne, "ja masa linzami" tsawatarwa ce, "karkata akala" sauya inda aka dosa. Abokan aikinka ne nake jin suna "karkata linzamin tattaunawa", ɗan'uwa, ka isar musu. Wanda ya taɓa ɗaga linzami a hannu ya ji nauyinsa ba ya neman a fassara masa "ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza".

Majayi fa?

Ɗamarar da ke bi ta ƙarƙashin cikin doki ta riƙe sirdi. A ɗaure shi sannu a hankali, a sake dubawa bayan an ɗan taka, don doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri.