Tambaya da Amsa: Jarka za ta cece ni in kwale-kwale ya kife?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni masunci ne, kwale-kwalena ƙarami ne na mutum guda. Na ga wani bidiyo a Facebook, Bature ya kife a teku cikin siririn jirgin nan nasu kayak, sai ya hura wata 'yar jaka ya cusa bakin filafili a ciki ya haye abinshi. To mu nan ina muka ga wannan jakar? In na ɗaura jarka zai yi? Daga mai karatu a Yauri.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zai yi mana, ai dabarar ba baƙuwa ba ce gare mu, duk wanda ya je kamun kifin Argungu ya ga masunta kwance kan gora a Matan Fada, iskar ciki ce ke ɗauke da su. Lita 1 ta iska na ɗaga kusan kilo 1, kaga jarka mai lita 10 ta ishe ka, mai 25 kuma wahalar ɗauri kawai za ta ba ka a tsakiyar ruwa.

Ka fara birkito jirgin tukuna, ka ɗaure jarkar a faffaɗan bakin filafili, ɗaya bakin ka gitta shi kan jirgin ka danne da hannu, jarkar tana can gefe ta zame mishi ƙafa ta biyu, sai ka ɗora ƙafa ɗaya kan filafilin ka ja ciki ka hau, nauyinka kullum ɓangaren jarkar, in ka karkata ɗaya gefen wallahi sake kifewa za ka yi. Igiyar ta zauna ɗaure a hannun jarkar tun daga gida, hannu mai karkarwa bai iya ƙulli.

Duba murfi sosai, danna ta cikin ruwa, in ka ga kumfa na fita yar da ita. Wadda rana ta cinye ma tsagewa take. Soson katifa kuwa shan ruwa yake, kar ka fara. Kuma don Allah banda ɗaura jarka a ƙugu, ƙasanka za ta ɗaga kanka ya nutse.

Amma fa ba ta maye gurbin rigar ruwa mai hana nutsewa (life jacket), jarka sai kana hayyacinka take amfani. Mutanen da muka rasa a hatsarin jirgin ruwa na Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 har yau abin na cin rai, ka daure ka sayi rigar ko da ta hannu ce. Jarkar kuma ka gwada ta inda ruwa bai wuce ƙirji ba, da wani tsaye kusa, sau biyar ko shida kafin iskar damina ta taso.